Tambaya da Amsa: Dutse Yana Rikiɗa?

Tambaya: Malam, ƙanena ɗan sakandare ya ce wai dutse kan rikiɗe ya zama wani iri a ƙarƙashin ƙasa. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malama, ƙanenki ya yi gaskiya. Kakata maginiyar tukwane ce. Ina yaro na sha ganin yumɓu ya shiga wuta da laushinsa ya fito tukunya mai ƙara, alhali bai narke ba. Kusan haka ne ke faruwa da dutse. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi na ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Celsius. Idan ya wuce digiri 200, ga kuma nauyin duwatsun sama na danne dutsen shekaru miliyoyi, sai ƙwayoyin ma'adinan cikinsa su sake tsari yana nan a daskare. In ya narke kuwa, wannan wani babi ne daban.

Dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi, ta haka yake komawa mabul, wato dutsen nan mai sheƙi da ake ƙawata gini da shi, irin wanda ake samu a Jakura ta jihar Kogi.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin matsi. Yana jera ma'adinan layi-layi, har dutsen ya fito da zane kamar saƙar hannu. Irin waɗannan duwatsu sun cika yankin Birnin Gwari, Anka da Maru, inda ƙasa ta matsu kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. A cikin jijiyoyinsu, wato siraran layukan ma'adini da suka ratsa duwatsun, ne ake samun zinariyar Zamfara.