Littattafan Marigayi da Amintattun Laburare: Me Magaji Zai Iya Nema?

Tambaya: Barista, mahaifinmu marigayi malami ne. Tun yana da rai ya ba laburaren unguwarmu littattafansa, kuma yana cikin amintattun da aka yi wa rajista. Yanzu sai an ga dama ake buɗe wurin, rufi yana yoyo, gara ta shiga littattafan, an kuma ba wani haya a ɗaki guda. Ni ne babba a gida. Ina so in kwashe littattafanmu, in karɓi kujerar mahaifina. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan mahaifi. Zan amsa bisa abin da ka rubuto kawai, ban ga takarda ko ɗaya ba, kuma takarda guda tana iya juya maganar gaba ɗaya.

Kalmar da ta fi damuna a wasiƙarka ita ce "littattafanmu". Mai yiwuwa ne ba naku ba ne. Da bakinka ka ce ya bayar tun yana da rai. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci a nan Arewa suke bi, idan mutum ya yi kyauta ko hubusi, wato waƙafi, yana cikin lafiyarsa, aka kuma karɓi abin kafin ciwon ajalinsa, to ya fita daga dukiyarsa. Abin da ya fita daga hannun mamaci tun yana raye ba ya shiga gado. Idan kuwa waƙafi ya yi, maganar ta fi tsauri: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Littattafan da aka buga wa hatimin laburare, aka jera su a kanta, ɗalibai suka shekara suna buɗawa, da wuya alƙali ya ce ba a karɓe su ba.

Akwai ƙofofi biyu da za su iya buɗe maka. Idan aro ya bayar ko ajiya, kuma kana da rubutu ko shaidu a kan haka, magada suna iya neman kayansu. Idan kuma a cikin ciwon da ya yi ajalinsa ya bayar, ana ɗaukarsa kamar wasiyya, ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Ko a nan ma haƙƙin na magada ne duka, har da matansa da 'ya'ya mata, ba na babban ɗa shi kaɗai ba. Saboda haka kada ka je da mota ka kwashi komai. Ranar da ka yi haka, mai ƙorafi ya koma wanda ake ƙara, ofishin 'yan sanda kuma shi zai fara ganinka.

Kujerar amintacce ma ba gona ba ce, ba a gadonta. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, tana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, kuma kundin tsarin mulkin ƙungiyar shi ke faɗin yadda ake cike gurbin wanda ya rasu. Galibi babban taron mambobi ne ke zaɓa, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ja, a kai wa hukumar. Sai dai in kundin ya ware wa gidanku kujera, abin da ba a cika gani ba. Ka fara tambayar kanka: kai mamba ne? Idan ba ka cikin rajistar mambobi, bakinka a doka gajere ne ƙwarai.

Wannan ba yana nufin amintattun sun wanku ba. Dukiyar tana hannunsu ne a matsayin amana, kuma doka ta ce kuɗin shigar ƙungiya a kan manufarta kawai za a kashe su, ba a rabawa tsakanin mambobi. Ba da haya ba laifi ba ne a kan kansa, in kundin bai hana ba. Laburare da yawa da irin wannan suke biyan kuɗin wuta da mai gadi. Tambayar ita ce ina kuɗin suke shiga. Kwamitin da ke karɓar haya duk wata, ruwan sama kuma yana zuba a kan Muwaɗɗa da Risala, yana da bayanin da zai yi, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi ta roƙonsu kafin su yi ba. Lokutan buɗewa kuwa, kotu ba ta cika tsoma baki ba. Wannan shawara ce ta gudanarwa.

Za ka ji ana cewa sashe na 839 na dokar CAMA ya ba da dama a dakatar da amintattu a naɗa mai riƙon ƙwarya. Ka yi hattara. Sashen yana maganar hukumar CAC ko kashi ɗaya cikin biyar na mambobi ne, ba mutum guda ba, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke shi tare da wasu sassan. Sai lauyanka ya duba inda maganar ta kwana kafin ka dogara da shi. Ko an rushe ƙungiyar ma, dukiyarta wata cibiya mai irin manufarta ake miƙa wa, ba ta komawa gidanku.

Da ni ne kai, sulhu zan nema. Ka rubuta wa shugaban amintattu takarda mai ladabi, ka nemi kwafin kundi, jerin littattafan da mahaifinka ya bayar, da bayanin kuɗin haya. Ka ɗauki hoton yoyon da ɓarnar garar da kwanan wata. Sannan a zauna gaban mai unguwa da limamin da ya san marigayi. Idan a Kano kake, akwai cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Jiha. Ka nemi abin da zai yiwu: a gyara rufi da kuɗin hayar, a yi feshi, a ware wa littattafan kabad da sunansa, a karɓe ka mamba. Duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu, a sa wa gyaran rufin wa'adi kafin damina ta faɗi.