Karyayyar Zuciya, Zanen Dutse da Birnin Mutum: Amsar Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon sun taru a kan kalma guda, wato zuciya, kuma yawancinsu daga wa'azin coci suka taso. Jihar Katsina tana da Hausawa Kirista, musamman wajen Malumfashi da Ƙafur, kuma tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Kalmar da ta shekara casa'in da wani abu tana shiga coci ba za ta rasa ɗauko wata ma'ana a can ba. Ni dai aikina harshe ne. Abin da zan faɗa na aƙida, yadda masu ita suke koyar da shi zan kawo.

Wata baiwar Allah 'yar zumuntar mata daga Malumfashi ta ce: "Malam, fastonmu ya yi wa'azi cewa Allah ba ya raina karyayyar zuciya. Mu kuwa a gida in an ce mutum ya karaya, ai ba yabo ba ne. Abu ɗaya ne?"

Malama, tushensu ɗaya, amma sun raba hanya. Bahaushe yana karya abu mai tsawo da tauri, kamar sanda ko kara ko ƙashi. Tulu da ƙwai fasa su ake yi. Wanda ya faɗo daga babur ya sami karaya, sai a nemi maɗori. Daga nan kalmar ta tsallaka: ɗan kasuwa ya gamu da karayar arziki, ɗan dambe ya ga girman abokin karawarsa ya karaya tun ba a kai naushi ba. Wannan karayar fid da rai ce, shi ya sa ba a yaba ta.

Abin dariyar shi ne, Bahaushen da ya ce zuciya tana karaya, shi ne ya ce zuciya ba ta da ƙashi. Tsohuwa za ta ƙulle kuɗin adashi a bakin zane alhali daga ita sai jikarta a ɗakin. In yarinyar ta ce, "Haba Kaka, ni za ki ɓoye wa?" sai ta ce, "Ba ke nake tsoro ba, 'yar nan, zuciya ce ba ta da ƙashi." Nufinta, ba abin da ke tsai da zuciya tsaye, ko ta nagari tana iya karkata.

Maganar fastonku daga Zabura 51:17 take. Bisa ruwayar 2 Sama'ila, sura 11 da 12, Dawuda ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe shi a fagen yaƙi, annabi Natan ya zo ya fallasa shi, kuma bayanin da aka rubuta a saman Zaburar ya danganta ta da wannan lokacin. (Akasarin malaman Musulunci ba su karɓi wannan labari a kan Annabi Dawuda ba, ya kamata a sani.) Abin da ya karye a wannan addu'ar shi ne girman kai da kare kai. Mai ita bai fid da rai ba, don a aya ta 10 yana roƙon a halitta masa zuciya mai tsabta. Wanda ya karaya irin ta ɗan dambe ba ya roƙon komai, ficewa yake yi daga fili. Da ni ne mai bayani a zumuntarku, da nadama da ƙanƙan da kai zan fassara ta.

Ga wani tarko makamancinsa, tun da an zo wurin. A Luka 18, mai karɓar haraji ya tsaya daga nesa a Haikali, ya kasa ɗaga kai, yana bugun ƙirjinsa yana neman jinƙai. A wurin Yahudawa wannan alamar baƙin ciki ce. A wurinmu kuwa wanda ya bugi ƙirji cika baki ya yi, ko ya ɗauki alkawarin abin da wasu suka kasa. Mai karatu a coci in bai tsaya ya warware ba, yara za su tashi da zaton mutumin taƙama yake yi, alhali mai taƙamar shi ne ɗaya mutumin da ke addu'a a wurin, Bafarisiye, wato ɗan ƙungiyar masu tsananta bin shari'ar Musa.

Wani malamin sakandare a cikin birnin Katsina ya ce: "Maƙwabcina Kirista ne. Ya ce addininsu na koyar da cewa ana cire wa mutum zuciyar dutse a ba shi sabuwa. Na ce masa hali zanen dutse ne. Wa ya fi gaskiya a Hausance?"

Malam, a Hausance kowannenku ya yi magana daidai, sai dai ba tambaya ɗaya kuke amsawa ba. Karin maganar da ka kawo ta gwaji ce. Mutanen da suka ga ɓarawo ya tuba ya koma, suka ga mashayi ya rantse ya karya, su suka ce mai hali ba ya fasa halinsa. Gargaɗi ne ga mai ba da amana ko mai ba da aure.

Abin da zai ba ka mamaki, littafin maƙwabcin naka ya riga ya yarda da kai kafin ya saɓa maka. Irmiya 17:1 ya ce zunubin mutanen Yahuza da alƙalamin ƙarfe aka rubuta shi, an zana shi a allon zuciyarsu. Ka ga zanen dutse ke nan, kusan kalma da kalma. A sura ta 13 aya ta 23 ya yi tambaya ko damisa tana iya sake dabbare-dabbaren jikinta. A 17:9 kuma ya kira zuciya wadda ta fi komai yaudara, mai ciwon da ya gagari magani. Ban san karin maganar Hausa da ta kai wannan tsanani ba. Namu suna cewa zuciya mugun nama, ko son zuciya ɓacin zuciya, amma suna barin ƙofa: a danne zuciya, a kai zuciya nesa, a ci ƙarfinta. Bahaushe yana ganin mutum zai iya riƙe linzaminta in ya dage.

A nan koyarwar Kirista ta ɗauki wata hanya. Ezekiyel, firist ɗin da aka kwasa zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, ya kawo alkawari a 36:26 cewa Allah zai cire zuciyar dutse ya sa ta tsoka. Irmiya 31:33 ya ce za a rubuta shari'a a zukatan mutane, Bulus kuma ya ɗauko wannan a 2 Korintiyawa 3:3, ya gwama allunan dutse da allunan zuciya. Ka lura da mai aikatawa a jimlolin nan. Ba a ce mutum ya goge zanen ba. An ce za a ɗauke dutsen ne ɗungurungum, kuma wani ne zai ɗauke. Wannan shi ne abin da suke kira alheri, canjin kuma sabuwar haihuwa, daga hirar Yesu da Nikodimu a Yahaya 3. Alheri a bakin ɗan coci ya wuce kyautar da ka yi wa maƙwabci, yana nufin abin da Allah ya ba wanda bai cancanta ba.

Su ma Kirista sun daɗe suna kai ruwa rana a kan iyakar wannan. Felajiyus, wani mai zuhudu daga Birtaniya, ya koyar cewa mutum yana da ikon bin umarnin Allah da nufin kansa. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, ya ce zunubin Adamu ya raunata nufin kowa tun daga haihuwa. Majalisar shugabannin coci da ta zauna a birnin Kartaj a shekara ta 418 ta bi bayan Agustin. Har yau ɗan Katolika da ɗan ECWA ba za su ba ka amsa iri ɗaya ba in ka tambayi rabon mutum a cikin gyaruwarsa, ko abin da baftisma take yi wa zunubin asali, wato wanda aka gada daga Adamu. Kai kuma a naka ɓangaren ka san hadisin tsokar da in ta gyaru jiki duka ya gyaru, ka kuma san Musulunci yana koyar da cewa a kan fiɗira ake haihuwar ɗa, ba da gadon zunubi ba. Saɓanin naku na gaskiya yana nan, kuma karin magana ba za ta yanke muku shi ba.

Ƙarin bayani kaɗan kan kalmomin: taurin kai ƙin jin magana ne, har yaro yana da shi. Taurin zuciya rashin tausayi ne ko rashin tsoro. Wadda ta fi kusa da zuciyar dutse ita ce ƙeƙasasshiyar zuciya, wadda ta bushe har wa'azi ba ya ratsa ta.

Wani ɗalibi daga Daura ya ce: "Musa a baki, Fir'auna a zuci, da kuma labarin zuciya a tambayi fuska, ba su ci karo ba?"

Ɗana, karin magana ba dokar kotu ba ce, kowacce da ranarta. Amarya ta fito daga ɗaki idonta jawur ta ce lafiya lau, a nan labarin zuciya a tambayi fuska. Dillali ya cika ka da "wallahi don kai ne" yana lissafin la'adarsa ta ɓangare biyu, a nan Musa a baki. Fuska tana tona fushi da murna da tsoro, waɗanda ke zuwa ba shiri. Niyya kuwa tana da lokacin yin kwalliya.

Littafi Mai Tsarki ya fi karkata ga ta Musa da Fir'auna. A 1 Sama'ila 16:7, da Sama'ila ya ga tsayin Eliyab, yayan Dawuda, ya zaci shi ne sarkin da za a naɗa, aka gaya masa mutum siffa yake duba, Ubangiji kuwa zuciya. Ishaya 29:13, wadda Yesu ya maimaita a Markus 7:6, tana maganar jama'ar da ke girmama Allah da leɓe zuciyarsu tana nesa. Sai dai a Matiyu 12:34 an ce abin da ya cika zuciya shi baki ke furtawa, wato munafuki ma in an daɗe da shi zai yi suɓul da baka. Shi Fir'aunan kansa, littafin Fitowa ya ce a 8:15 da 8:32 shi ya taurare zuciyarsa, a 9:12 kuma ya ce Ubangiji ne ya taurare ta. Masu tauhidin Kirista sun sha tawada a kan wannan. Zuci da ka gani a karin maganar gajeren zuciya ne, ya fi zuwa bayan a, kamar yadda muke cewa a ka, a ido, a ƙasa.

Wata malamar makaranta daga Ƙofar Sauri ta tambayi ma'anar "zuciyar mutum birninsa".

Malama, sai an tuna abin da birni yake nufi a da. Gari ne mai ganuwa, mai ƙofofin da ake rufewa da dare. Katsina tana da Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, da taku ta Sauri, da sauransu, ko da yake ganuwar yawancinta ta zube ko gine-gine sun cinye ta. To, kowane mutum yana da wurin da shi kaɗai ke da iko da ƙofarsa: shawararsa, sirrinsa, abin da ya ƙudurta. Ana faɗar ta in an gaji da lallashin mutum, ko in ya yi abin da ba wanda ya zata.

Littafin Sulemanu, wanda masu fassara suka sa wa suna Karin Magana (zaɓin ya yi mini), yana da 'yan uwanta. A 25:28 an kwatanta marar kamun kai da birnin da aka fasa ganuwarsa. A 16:32 an fifita mai mallakar kansa a kan wanda ya ci birni da yaƙi. A 4:23 an ce a tsare zuciya fiye da komai, don daga cikinta rai yake ɓuɓɓugowa. Har nan Bahaushe ba shi da ja.

Markus 7:21-23 ne ya juya maganar. Ana gardama kan cin abinci ba a wanke hannu bisa al'ada ba, sai Yesu ya ce abin da ke ƙazantar da mutum daga ciki yake fitowa, ya jero su: mugun tunani, fasikanci, sata, kisan kai, kwaɗayi, yaudara, hassada, girman kai. In haka ne, rufe ƙofa bai isa ba, tun da maharin ɗan gari ne. Shi ya sa za ki ji masu wa'azi suna haɗa wannan da Wahayin Yahaya 3:20, inda Almasihu yake tsaye a bakin ƙofa yana ƙwanƙwasawa. Yawanci ga wanda bai tuba ba suke karanta ayar, amma asalinta ga ikilisiyar Lawudikiya aka rubuta ta, wato ga mutanen da suka riga suka shiga addinin.

Wani kuma ya tambaya ko zuciya da rai da kurwa da ruhu duk ɗaya ne.

A'a. Rai shi ne abin da in ya fita an mutu, amma yana shiga gonar zuciya: ransa ya ɓaci, son rai, kwaɗayin rai. Kurwa ita ce wadda aka yi imani maye yana kamawa, shi ya sa masu wa'azi, na masallaci da na coci, ba su cika son ta ba. Ruhu daga Larabci muka aro, kuma a coci an fi jin ta a Ruhu Mai Tsarki. Lamiri ma aro ne, shi ne mai tuhumar mutum in ya yi ba daidai ba. Zuciya a Littafi Mai Tsarki tana fassara leb na Ibrananci da kardiya na Girkanci, waɗanda suka haɗa tunani da nufi da ji, kuma Hausa ta dace da su sosai, tun da mu ma a zuciya muke saƙa magana. Farin ciki da baƙin ciki kuwa, ciki muka kai su. Jam'inta zukata, zuciyoyi ma ana ji kuma ba kuskure ba ne.