Hukuncin sa yara su gaskata 'yan aljanu masu fukafukai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'ya'ya mata biyu, mai shekara 7 da mai shekara 4. Tun ina yarinya nake son labaran 'yan aljanun nan masu fukafukai da ake nunawa a katun, su ma na sa musu son su. Da babbar ta fara famfara, na ce ta sa haƙorin a ƙarƙashin matashi, da dare na ɗauke na ajiye mata kuɗi, na ce aljana ce ta kawo. Yanzu ƙaramar tana rufe ido tana roƙonsu abin da take so. Maigidana ya ce shirka nake koya musu. Ni kuwa burina su ji daɗin yarinta. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya saka miki da alheri da kika tambaya. Son da kike yi wa waɗannan labarai bai sa kin zama mushirika ba, matuƙar ba ki ƙudurta cewa suna amfanarwa ko cutarwa ba. Amma cikin abin da kika lissafa akwai halal, akwai haram, akwai kuma wanda yake bakin ƙofar shirka, don haka damuwar maigidanki tana kan hanya.

Musulunci bai hana yaro wasan tunani ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Khaibara, iska ta yaye labulen ma'ajiyar Nana A'isha, ya ga 'yan tsananta, a tsakiyarsu akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya ce, doki da fukafukai? Ta ce, ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai ba? Ya yi dariya har turamensa suka bayyana, bai ce a jefar ba. Saboda haka ki ba su tatsuniya, su yi wasa da 'yar tsana mai fiffike, babu laifi. Malaman Malikiyya ma, da suka haramta mutum-mutumi mai inuwa (wato mai jiki, ba zane ba), sun ware 'yan tsanan yara mata. Sharaɗin shi ne yarinya ta san labari ne. Iyayenmu sun iya wannan: ana buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", kuma babu yaron da ya tashi yana jiran Gizo ya kawo masa kyauta.

Maganar haƙori kuwa daban take, domin a nan kin gaya mata abin da bai faru ba, kina so ta gaskata. Wannan ƙarya ce, kuma ƙanƙantar yaro ba ta halatta ta. Abdullahi ɗan Amir ya ce mahaifiyarsa ta kira shi Annabi (SAW) yana zaune a gidansu, ta ce zo in ba ka. Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce: "Da ba ki ba shi komai ba, da an rubuta miki ƙarya." Shi ma a Abu Dawud yake. Ki kuma lura, haƙoran farko na yaro 20 ne, suna fara zuba wajen shekara 6 har zuwa wajen 12. Ke nan ƙaryar za ta yi ta maimaituwa shekaru, a daidai lokacin da kike koya mata salla, kina ba ta labarin mala'iku da Aljanna da Wuta, waɗanda su ma ba ta gani. Ranar da ta gane ke ce aljanar, da wane ma'auni za ta raba gaibun da kika ƙirƙira da gaibun da Allah Ya saukar?

Mafi nauyi shi ne roƙon da ƙaramar take yi. Ita alƙalami bai hau kanta ba, amma ke ya hau. Roƙon wanda ba a gani ya biya buƙata addu'a ce, addu'a kuwa ibada ce. Annabi (SAW) ya gaya wa Ibn Abbas tun yana yaro: "Idan za ka roƙa, ka roƙi Allah." Aljanu gaskiya ne, an halicce su daga wuta, suna ganinmu ba ma ganinsu kamar yadda aya ta 27 ta Suratul A'araf ta faɗa. Amma Suratul Jinn, aya ta 6, ta ce mutanen da suka nemi tsari wurinsu ba abin da suka ƙara musu sai wahala da zunubi. Su kansu waɗannan halittu na katun daga camfin mutanen Turai suka samo asali, inda a da a ƙauyukan Ailan da Sikotilan ake ajiye musu madara don a zauna lafiya da su. Duk wanda ya san yadda masu bori ke yi wa iskoki hidima ya san wannan hanya. Idan yaranki sun fara ajiye musu abinci ko wasiƙa, ki hana yau. Kada kuma ki sauya suna ki ce mala'iku ne, domin aya ta 19 ta Suratuz Zukhruf ta yi tir da waɗanda suka mai da mala'iku mata.

Haka sandar tsafi da karanta surkulle a wasa. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa a hadisin Bukhari da Muslim, bai dace a ƙawata wa yaro shi a matsayin abin alheri ba. Fim ɗin da tsafi ne maganin kowace matsala a cikinsa, ki rage shi har ya fita daga gidan.

Wajen gyara, ki bi a hankali, ban da tsawa ko tsoratarwa da aljanu, don kada ki cire camfi ki dasa firgici. Ki zauna da babbar ita kaɗai, tunda ta kai shekarun rarrabewa, ki ce: "Ni ce na sa miki kuɗin nan don ina son ki, aljanar kuwa labari ce." Ƙila ta yi fushi kwana ɗaya ko biyu, ki bar ta ta huce. Kyautar famfara kada ki daina: ki ba ta hannu da hannu, ku gode wa Allah da zai fito da sabo, sannan a binne haƙorin, wasu malamai sun so a yi haka da abin da ya rabu da jikin mutum. Ƙaramar kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Duk sanda ta rufe ido za ta roƙa, ki ɗaga hannuwanta ki ce "mu roƙi Allah", ku faɗi buƙatar tare. Da dare, bayan tatsuniya, ki karanta musu Ayatul Kursiyyu da addu'ar da Annabi (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini: "U'izukuma bi kalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah."

Abin da ya wuce, ki yi istigfari a kansa. Ki kuma sanar da maigidanki matakin da kika ɗauka, don bakinku ya zama ɗaya a gaban yaran.

Wallahu a'alam.