Ba kowace bakteriya ce ƙwayar cuta ba

Wata ɗaliba a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta rubuto cewa tana son ta zama mai bincike a kan bakteriya. Duk sanda ta gaya wa iyayenta "ƙwayoyin cuta" take karantawa, sai su ce in asibiti bai ɗauke ta ba, ina za ta dosa? Tana tambaya ko sunan ya dace.

Ɗiyata, "ƙwaya" ta zauna daram. Bahaushe na kiran duk abu ƙanƙane, tilo, da ita: ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani. "Cuta" ce ta ƙuntata zancen. Gaskiya ne sanƙarau da kwalara da taifot aikin bakteriya ne, amma ƙyanda da shan inna bairos ke kawo su, kuma maganin da ke kashe bakteriya ba ya taɓa bairos. Kiran abu biyu da suna guda na cikin abin da ke sa mutane haɗiyar kafso saboda mura, wadda bairos ke kawowa, har bakteriya ta saba da maganin ta daina jin sa.

Kuma mafi yawansu ba su cutar da kowa. Wadda ta kwantar da madara a ƙwarya ta wayi gari da kindirmo, bakteriya ce ta yi mata aiki. Haka daudawar batso, da ake dafa ƴaƴan yakuwa a rufe su kwanaki har warinsu ya tashi. Ki tumɓuke wake ko gyaɗa a gona, ki dubi ƴan ƙululun da ke jikin saiwa, ki fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, bakteriya masu sama wa shukar taki daga iska na nan suna aiki. Ni dai na fi son a ce "bakteriya" kai tsaye, a ajiye "ƙwayar cuta" ga mai cutarwa.

Da an gyara sunan, iyayenki za su ga aikin ya wuce asibiti. Akwai CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, inda ake tantance irin sanƙarau; bayan rigakafin nau'in A da aka fara a 2010, nau'in C ne ya ɓarke a 2015, kuma ɗakin gwaji ne ya bambanta su. Kwalarar Madarunfa ta 2018 ma sai da gwaji ya tabbatar da ita. Akwai Epicentre mai binciken annoba da cibiyar INRAN ta binciken aikin gona nan Maraɗi, akwai gwajin ruwan sha da na abinci, ga kuma koyarwa a jami'a, inda CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, ke auna rubuce-rubucen malami kafin a ƙara masa girma.

Wani kuma daga Tibiri ya tambayi ma'anar "da ruwan ciki akan ja na rijiya", domin kawunsa ya faɗa masa haka da ya ce zai zarce digirin dokta. Malam, mai jan guga sai ya sha kafin ya iya ja. Abin hannu ke jawo na nesa. Kawunka ba hana ka yake ba, lissafi yake maka: lisans shekara 3, masta 2, dokta aƙalla 3. Ka nemi tallafin karatu da malamin da zai duba aikinka tun kana masta, ka kuma tambaya ko ɗakin gwajinsa na da kuɗin sayen kayan rainon bakteriya.