Majigi da waya a aji: amsar tambayar jiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Na ga tambayar da 'yar uwarmu ta jefo jiya da dare, wai in muka fara koyarwa, shigo da majigi da waya da kwamfuta cikin aji zai sa yara su fi mayar da hankali? Rubutawa zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi da murya. Ni ma ɗalibi ne kamar ku, ban kama aji nawa ba tukuna.

To, ni dai a ganina kallo daban, koyo daban. Ki kunna bidiyo a aji, tsit za ki ji, kowa ya zuba wa bango ido, har ki ce yau kam sun nutsu. Kashe ki tambayi na bencin baya me ya fahimta, sai ya hau sosa ƙeya.

Kuma an gwada abin nan da yawa fa. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci dubbai ɗari-ɗari a shirin One Laptop per Child. Da aka fitar da bincike a 2012, yara sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba, don ba a ɗaura ta a kan darasi ba, malaman ma ba su samu isasshen horo ba. A 2015 OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaban ƙasashe, ta gano cewa masu taɓa kwamfuta daidai-wa-daida a makaranta sun ɗan fi waɗanda ba sa taɓawa sosai, amma masu wuni a kanta sun fi kowa komawa baya. Faransa kuwa tun 2018 ta hana 'yan firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta.

Ba cewa nake mu guje ta ba, a'a. Ku ɗauki PhET, dandalin gwaje-gwajen kimiyya a kwamfuta na Jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002. Kyauta ne, ana sauke shi a yi aiki ba intanet. A ciki za ki haɗa batir da wayar lantarki da ƙwan fitila a kan allo. Amma sirrin yana wajen malami. Kafin ki ƙara batir na biyu, tsaya. Ki ce kowa ya rubuta a littafinsa, hasken zai ƙaru ne, zai ragu, ko yana nan yadda yake? Ki bari su ɗan yi gardama da na kusa da su. Sannan ki danna. Yaron da ya riga ya sa bakinsa a magana ba ya kawar da kai, so yake ya ga ko shi ne da gaskiya. Wanda bai canka daidai ba ma, shi zai fara tambayar dalili.

Kahoot kuma, wasan kacici-kacici da yara ke amsawa a waya ko kwamfuta, hmm, aji yana ɗaukar zafi da ihu, amma tunda sauri yana ƙara maki, wasu dannawa kawai suke ba su gama karanta tambaya ba.

Wanda ya fi kwanta min shi ne Plickers. Waya ɗaya ce, ta malami. Kowane yaro da katinsa na takarda, ya juya shi ta gefen amsar da ya zaɓa ya ɗaga, malami ya haska da kyamara. Nan take za ki ga amsar yarinyar nan mai kunya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ki kuma gane ko rabin aji sun ɓace ne kina ta zuba.

Sai dai katin nasu 63 ne kacal. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa a TP, wato koyarwar gwaji, a ajin da ya haura haka, ya faɗa mana yadda ya yi, biyu-biyu ya haɗa su ko kuwa?