Kafin ka riƙe sandar nan, Habu

Habu, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga bidiyon Gustavo Dudamel, shahararren jagoran makaɗa, yana kaɗa sanda gaban makaɗa kusan ɗari, ka ji a ranka aikinka ke nan, in nemo maka makaranta a Jamus. Sai da na yi dariya, ba don raini ba. Fuskar Baba na hango ranar da za ka ce masa Turai za ka tafi koyon aikin kwandasta, don haka ake kiran jagoran makaɗa da Turanci. Tashar Dukku zai fara tunawa.

Shekara tara ke nan ina aikin fitilu a wani gidan opera, wato inda ake wasan kwaikwayo da waƙa tun daga farko har ƙarshe, a wani ƙaramin gari a nan Jamus. Kullum daga sama nake leƙen jagoran makaɗa a cikin ramin da makaɗa ke zama a gaban dandali, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Sandar ce ƙarshen abin da ake miƙa wa mutum. Ƙofar shiga piyano ce. Matashin da ya gama karatu yakan fara ne a matsayin mai bita da mawaƙa, a nan Korrepetitor ake ce masa. Ɗaki ne ƙarami, shi da piyano da mawaƙiya ɗaya, yana buga mata abin da makaɗa sittin za su buga, yana rera amshin abokin wasanta, yana gyara mata lafazin Italiyanci. Shekaru yake yi a haka. Wata rana babba ya kwanta rashin lafiya, sai a ce masa shiga rami, ba tare da bita ko ɗaya ba. Idan ya fita kunya, ya kama hanyar zama Kapellmeister, wato jagoran makaɗa na gidan opera. Herbert von Karajan ma a ɗan gidan opera na Ulm ya fara a 1929, bai karɓi ƙungiyar makaɗan Balin ba sai 1955. Shi kuwa Dudamel ɗinka tun yana yaro yake jan goge irin na Turawa a El Sistema, shirin koya wa yara kiɗa na Benezuwela, kafin ya ci gasar jagorancin makaɗa ta Mahler a Bamberg ta Jamus a 2004.

Ga inda gizo ke saƙar. Na san kunnenka. Waƙar biki sau ɗaya kake ji a situdiyon nan na Jekadafari ka ɗauke ta a kibod. Baiwa ce, amma a jarrabawar shiga makarantun kiɗa na nan takarda za a ajiye maka, shafi ɗaya mai layi ashirin ko fiye, kowane layi na wani kayan kiɗa ne daban, a ce buga a piyano yanzu. A buga maka sauti a ce rubuta. Sannan a tsayar da kai gaban makaɗa na 'yan mintoci. Gurabe kaɗan ne ƙwarai, kuma waɗanda za ka kara da su daga Koriya da Sin sun fara piyano tun kafin su yi famfara.

Kuɗin makaranta ba shi ne matsala ba a yawancin jihohi, sai dai biza na buƙatar sama da Yuro 11,000 a asusun da ake kullewa, ga Jamusanci dole.

Da ni ne kai, Legas zan fara nufa. MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa da ke ba da difloma, akwai kuma sashen kiɗa a jami'ar Nsukka. Ka koyi karatun rubutun kiɗa har ya zame maka kamar karatun jarida, ka kai mataki na 8 a jarrabawar piyano ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya. Kafin nan ka nemi masu bandin 'yan sanda ko masu koyar da mawaƙan coci a Gombe, cikinsu akwai masu karanta rubutun kiɗa, ka durƙusa su koya maka.

Na yi wa Kapellmeister ɗinmu maganarka, ya ce ka turo bidiyon minti biyar kana bugawa daga takarda, ba da ka ba. Ka gaishe da Inna, ka ce mata kilishin ya iso.