Sabon Injin Niƙa Kofi Ya Ƙi Yin Laushi: Ina Matsalar Take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na san shafinka na waya da kwamfuta ne, amma tunda abin na lantarki ne na ce bari in gwada sa'a. Ina da ɗan shagon shayi da kofi a Abuja. Wata biyu da suka wuce na sayi injin esfireso, wato mai haɗa kofi mai kauri da matsin ruwan zafi, makon jiya kuma ƙanena ya aiko min da sabon injin niƙa daga Ingila. Na murɗa shi har lamba ɗaya, wato ƙarshen laushinsa, amma da na kunna sai kofi ya zubo kamar an buɗe famfo. Cikin daƙiƙa goma ya cika, tsararo, ga tsami. Lalatacce aka sayar masa ne? In mayar?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki mayar tukuna. Kuɗin aika shi Ingila kaɗai zai iya kai rabin kuɗin injin, kuma a irin wannan matsala sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau.

Bari mu fara da dalilin da ya sa esfireso ke da tsirfa haka. Famfon injin esfireso yana tura ruwan zafi da ƙarfin da ya kai bar 9, kusan ninki tara ke nan na nauyin iskar da ke kanmu. Babu abin da ke tare wannan ruwa sai garin kofin da kika danne a cikin ɗan kwandon ƙarfen nan. In garin ya yi laushi, ruwan zai sha wahala kafin ya ratsa, ya kwaso zaƙi da maiƙon da ke ciki. In ɓarzajje ne, sai ya wuce fuu, ya ɗebo tsami kawai. Ma'aunin da masu sana'ar suke farawa da shi shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 na kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Naki yana gamawa a goma, don haka gaskiyarki, ruwan bai samu abin da ya tare shi ba. Abin da ya rage shi ne mu gano ko laifin niƙa ne ko na wani abu daban.

Abu na farko, buɗe murfin injin niƙan ki leƙa. In kin ga wata 'yar wuƙa mai fiffike biyu tana juyawa kamar ta bilenda, to magana ta ƙare, wannan sara yake yi ba niƙa ba, kuma ba zai taɓa yin garin esfireso ba. Amma tunda kin ce yana da lambobi, na fi zaton mai haƙora ne: ƙarafa biyu masu zarto, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa, ƙwayar kofi tana bi ta tsakaninsu. Aikinsa ɗaya da injin niƙan unguwa. Duk wadda ta taɓa kai masara ta san in aka ce wa mai inji "na tuwo ne, ya yi laushi", hannu yake kaiwa ya ƙara ɗaure notin gaba don farantan su matse. Lambobin jikin injinki wannan notin ne aka yi masa ado.

To a nan gizo ke saƙa. Lamba ɗaya da kike gani ba ita ce ainihin inda haƙoran suke haɗuwa ba. Kamfanoni kan bar tazara da gangan, don kada sabon shiga ya murɗe har ƙarfe ya ci ƙarfe. Wasu injinan kuma suna da saiti na biyu a ɓoye a ciki. Misali na kamfanin Breville, wanda a Ingila ake sayar da shi da sunan Sage: in kin cire mazubin ƙwayar kika zaro haƙorin sama, za ki ga wata siririyar waya da ake kama shi da ita da kuma lambobi a zagaye. Yawanci yana zuwa a kan 6. A zare wayar, a murɗa shi zuwa 5 ko 4, a mayar da wayar, shi ke nan dukkan lambobin waje sun ƙara laushi. Mutane da yawa suna shekara da injin ba su san da wannan ba, saboda littafin da ya zo da shi yana can cikin kwali. Wasu injinan kuma ana saka musu 'yar siririyar wosha ce a ƙarƙashin haƙori don ta ɗaga shi. Kamfanin Baratza kan yi haka a injinsu na Sette. Ki duba ƙasan kwalinki, wata 'yar leda da kika ɗauka tarkace ce tana iya zama ita ce maganin.

Ga yadda za ki gane ko haƙoran suna kusantar juna. Juye ƙwayar duka, ki goge ciki da burushi. Kunna injin babu komai, ki riƙa murɗawa zuwa laushi a hankali, kunnenki na kusa. In kin ji sautin ya canza zuwa wani siririn ƙara kamar kukan tsuntsu, haƙoran sun fara shafar juna. Tsaya nan take, ki koma baya. Wannan shi ne sifilinki na gaskiya, kuma garin esfireso yana ɗan sama da shi kaɗan. In kin kai ƙarshen murɗawa ba ki ji komai ba, to akwai sauran tazara, sai a koma ga saitin ciki. Kafin ki sa hannu a ciki ki zare filogi daga bango, ba kashe makunni kawai ba.

Wani kuskure da na gani da idona a wurin wani abokina: ya cire haƙorin sama don ya wanke sabon inji, da ya mayar bai murɗa shi ya zauna ba. Daga sama komai daidai yake, amma haƙorin yana lilo, duk ƙwayar da ta shiga sai ta ɗaga shi ta fito kamar tsaki. Mun shafe kusan awa muna zargin motar da ke juya haƙoran, ashe 'yan ƙwayoyi uku ne suka maƙale a mazauninsa. Da muka share muka danna ya ce ƙas, kofin da muka haɗa na gaba ya tafi daƙiƙa 27. Ki cire naki ki sake zaunar da shi, ko da ba ki taɓa buɗewa ba, don kaya da suka sha jifa a jirgi komai na iya gocewa.

Kuma in za ki ƙara laushi, ki yi ne inji yana juyawa ko kuma babu ƙwaya a ciki. In yana tsaye da ƙwaya tsakanin haƙoran, ita kike matsewa, ba haƙoran ba. Bayan kowane canji ki niƙa giram uku ko huɗu ki zubar, saboda garin tsohon saiti yana nan kwance a maƙogwaron injin.

Yanzu abin da na fi zargi, in gaya miki gaskiya: ƙwayar. Ba ki faɗi wace iri kike amfani da ita ba. Wadda aka soya kwanan nan tana riƙe da iska da maiƙo, su ne suke sa garin ya kumbura ya tare ruwa, su ne kuma suke ba da kumfar nan mai ruwan zuma a sama. Wadda ta yi wata takwas ko shekara a ajiye a kanti ta riga ta huce, ko kin niƙe ta kamar hoda ruwa zai ratsa ta. Yawancin ledojin manyan kantuna ranar lalacewa kawai suke nunawa, wadda ba ta gaya miki komai. Nemi mai ɗauke da ranar suya, tsakanin mako ɗaya zuwa wata ɗaya da soyawa. Akwai masu suya a Legas da Abuja, wasu ma da ƙwayar tsaunin Mambila ta Jihar Taraba suke aiki. Sayi giram 250 ki gwada kafin ki yanke wa injin hukunci. Ki kuma sani cewa mai sassauƙar suya, irin yadda ake yawan soya kofin Habasha, ta fi tauri kuma ta fi buƙatar laushi fiye da baƙar suya.

Sayi ƙaramin sikeli ma. In kwandonki na giram 18 ne kina zuba 14 da ido, babu niƙan da zai cece ki.

In duk kin yi wannan bai canza ba, to ki karanta kwalin da kyau, wataƙila injin na kofin tata ne, wato wanda ake zuba wa ruwan zafi ya tace da kansa, ba na esfireso ba. Kasancewarsa sabo mai tsada ba hujja ba ce. Injin niƙa na Baratza Encore ya yi suna shekara da shekaru a wajen masu tata, amma tazarar lambobinsa ta yi faɗi ga esfireso, har sai da kamfanin ya fito da Encore ESP a 2023 mai ƙananan matakai ashirin musamman don wannan aiki. In naki irin na farkon ne, ki yi amfani da kwandon nan mai bango biyu da huji ɗaya tak a ƙasa, wanda yawancin ƙananan injina ke zuwa da shi. Shi da kansa yake tare ruwan. Ɗanɗanon ba zai kai na gaske ba, amma in da madara za ki haɗa, kaɗan ne cikin masu saye za su gane.

TAMBAYA: Malam, nawa daga Amurka aka kawo. In na sa shi a laushi sai ya yi gurnani ya tsaya.

AMSA: Malam, juya shi ka karanta takardar da ke manne a gindinsa. Kayan Amurka na wuta mai volt 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Tunda bai ƙone ba, ina zaton da taransifoma mai rage wuta kake haɗa shi, kuma na fi zargin ta yi masa kaɗan. Niƙan laushi shi ne lokacin da motar injin ta fi jan wuta, don haka nemi wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a jikin injin aƙalla sau biyu. Haka in wutar unguwa ta zo da rauni ko ƙaramin janareta ya ɗauki firji da fanka, motar za ta kasa. Kada ka bar shi yana gurnani, kashe shi nan da nan, ka sassauta saitin, ka juye abin da ya cushe. Kafin ka samu babbar taransifoma, kunna shi tukuna sannan ka riƙa zuba ƙwayar kaɗan-kaɗan da cokali.